Ranar da Yakuba Ya Kasa Haɗiye Anza

Yakuba mutumin garin Tsibiri ne, a gidan Kirista ya tashi, amma shekara goma sha ɗaya ya yi a Yamai bai taka majami'a ba. Lokacin fari na 1984 shi ke tuƙa kamiyo, babbar motar dawar taimako, zuwa ƙauyukan Walam. Kafin ya bar gari sai ya ratsa unguwar Kalley, ya sayar wa wani ɗan kasuwa 'yan buhuna a ɓoye. Sojoji ke mulki, wanda suka kama da hatsin talakawa sai kaso, wato kurkuku. Ya sani, bai daina ba.

Wata rana kamiyon ya mutu a bakin wani ƙauye. Wata tsohuwa ta fito da ƙwarya, ta durƙusa ta ajiye masa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu.

"Ci, ɗana," ta ce da Zabarmanci. "Kai ke kawo mana rai."

Ya kai loma baki, maƙogwaro ya ƙi.

Ran Lahadi ya shiga majami'a ana tsakiyar waƙa. Da aka gama ya miƙe, ya faɗi duk abin da yake yi, bai rage ba. Yana jiran a nuna masa ƙofa sai Baba Jibo, tsohon faston, ya sauko yana dogara sanda, ya riƙe fuskarsa da hannu biyu.

"Baba, ban cancanta ba," in ji Yakuba.

"Wa ya ce maka cancanta ake kawowa nan? Tun kana ɗaukar buhun farko Ubangiji ke ƙaunarka. Yau dai ka juyo ka gani."

Yakuba ya zube ƙasa.

Washegari da ƙafarsa ya je wurin jandarma, jami'an tsaro, ya miƙa kansa, Baba Jibo na gefensa. Shekara biyu ya yi a kaso. Duk Lahadi matan majami'a na kai masa tuwo, alhali gidajensu sau ɗaya ake ɗora tukunya.

Da ya fito bai koma tuƙi ba. Lambu ya kama a bakin kogi, yana noman salati da tumatir. In aka tambaye shi labarin ranar nan, yakan ajiye butar ban ruwa tukuna.

"Hukunci na gane shi," yakan ce. "Wannan ƙaunar ce har yau nake tsayawa gabanta kamar baƙo."