Jirgin Zailani Ya Yi Kumfa

Zailani ɗan Tudun Wadar Zariya ne, yana aiki a wani kamfanin wankin kayan otal a Dubai Investments Park. Shi ke kula da ruwan babbar tukunyar da ke ba injinan guga tururi. Idan aka tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Gadin tafasar ruwa nake yi. Har digiri na yi a kan abin da matata ke yi kullum da safe."

Gado ya yi. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne a zamanin jirgi mai kwal, shi ke zuba soda a tankin ruwan jirgi don kada farin dutse ya toshe bututun tukunya. Zailani bai taɓa ganin irin jirgin yana tafiya ba, sai matattun da aka yasar a bayan loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, amma yana ba da labarinsu kamar shi ya tuƙa su.

Bara ya sayo ɗan jirgin wasa mai tukunyar gaske. Wata Lahadi ya shimfiɗa masa dogo a falo, ya gayyato abokinsa Abdulganiyyu, ɗan Maraɗi mai shagon takalma a unguwar Naif ta Dubai, ya zo kallo.

Matarsa Barira ta leƙo daga kicin. "Abban Mahfuza, a jikin kwalin fa an ce tataccen ruwa kaɗai."

"Kwalin bai san Babana ba," in ji Zailani. Ya tari ruwan famfo, ya barbaɗa soda, ya ɗan ƙara don albarka, ya kunna wuta.

Jirgin ya yi huci, ya zaga falon kamar abin arziki. Can sai ruwan ya yi kumfa, ya taso ta bututun hayaƙi, ya feshe kafet da sabuwar shaddar baƙo.

Abdulganiyyu ya haye kujera. "Khalas, ya isa, Malam, kashe shi!"

Zailani ya kashe, ya tsaya yana kallon ɓarnar, sai dariya ta kama shi. "Da a kamfani na yi wannan, da yanzu ina filin jirgin sama da akwatina."

Da hannunsa ya wanke kafet ɗin, shaddar kuma ya kai ta wurin wanki da guga. Jirgin na nan, yana tafiya lafiya duk Lahadi, sai dai Barira ce ke zuba masa ruwa.

"Ni kuwa," in ji Zailani, "an bar mini busa usur."