Koren Allon da Aka Ɗinke Cikin Fata

Har yau in na bi ta rumfar masu gyaran waya na shaƙi ƙaurin dalma, sai in tuna wani ɗan koren allo da bai fi tafin hannu ba. Ba na karatu ba, na cikin kayan lantarki: gabansa ƙananan abubuwa masu zane kamar duwatsun wuya, bayansa siraran hanyoyin azurfa.

A jakar mahaifina aka same shi. Aikin wayoyi yake yi a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, motar da ta ɗauko shi zuwa gida Shinkafi ta kife da damina, shekarar da aka ba mu jiha. Ina ɗan shekara tara. Malamin da ya raba gado ya jujjuya allon, ya ce bai ga babinsa a littafi ba, aka bar wa Kaka, mahaifiyar marigayin.

Kunnen Kaka ya daɗe da yin nauyi. Ta sa baduku ya ɗinke allon cikin jar fata, ta rataye bisa gadonta. Abu guda take so ta sani: me ɗanta ya ɗauko zai kawo gida? Ranar kasuwa sai mu zaga rumfunan masu gyara, ta siffanta musu, don ba ta yarda a farke ɗinkin. Wani ya ce cikin rediyo ne, wani ya rantse na jirgin sama ne. Kowa ya ba da fatawa. "Ban sani ba" kaɗai ce ba a sayarwa a kasuwar.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, wa'azi ya yi zafi a kan layu. Baffa, ƙanin mahaifina, ya tsaya bakin ɗakinta yana ɗaga murya.

"Inna, abin da aka ɗinke aka rataye laya ta! Ko a san amfaninshi, ko in ƙone shi."

"Laya da waya?" in ji ta. "Kai dai karatunka bakin zaure ya tsaya."

Amma ta tsorata. Ranar ko furarta ba ta sha ba.

Mu uku, ni da ita da Baffa, muka tafi Ƙaura wurin wani tsoho da ya yi aiki tare da mahaifina. Ya farke ɗinkin da reza, ya gyara tabarau, ya bi ɗigon dalmar da yatsa.

"Wanga ba aikin kamfani ba ne," in ji shi. "Hannun marigayi ne. Shi kaɗai ka ɗiga dalma kamar mai rowa. Abin ƙara sauti ne, don mai nauyin ji. Ya sha ce man tsohuwatai ba ta jin kiran salla. Batir da abin kunne kawai suka rage mai."

Kaka tana bin bakunanmu da kallo. Ta ja rigata. "Mai gida, mi yac ce?" Haka take kirana.

Sau uku na faɗa cikin kunnenta da ƙarfi. A banza, doguwar magana ta fi ƙarfin ɗan jin da ya rage mata. Sai tsohon ya taɓa allon, ya taɓa kunnenta, ya ɗaga hannuwa kamar ladan. Ta karɓi allon a hankali, ta kara a kunne, ta rufe ido. Baffa ya fita waje. Na tarar da shi jingine da wani mataccen tarago yana goge fuska da hula.

Maganar ƙonawa ba ta sake tasowa ba. Daga ranar, duk aka kira salla, Baffa zai zo ya taɓa ƙafarta, sau biyar a yini, har ta rasu.

Yanzu irin abin nan bai fi ƙwayar gyaɗa ba, a kanti ake saye, kowane lungu kuma da lasifikarsa. Allon yana aljihun teburina. Masu gyara sun sha cewa in kawo su ƙarasa shi a rabin yini. Nakan yi godiya. Wa zan sa wa?