Igwa Tara na Tagulla

Shekara uku na yi a wani ɗan kamfani a Al Qusais, can ƙasar Larabawa, muna ƙera jiragen ruwan yaƙi na ado, irin waɗanda attajirai ke ajiyewa cikin gilashi a ofis. Nawa aikin manyan igwa ne, tara a kowane jirgi, na tagulla, kowace ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ni jikan maƙera ne daga Zuru, ƙarfe ba ya yi mini gardama.

Shugaban sashenmu wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi. Hausa ta haɗa mu, ina ce masa Baba, har shayi nake ɗauko masa. Ashe duk jirgin da aka gama, shi yake kai wa Balarabe mai wurin, ya ce igwa aikin hannunsa ne, ni goge-goge kawai na iya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban sani ba sai ranar da aka ce za a rage mutum ɗaya, kuma ni ne ba za a sabunta wa biza ba. Na tsani mutumin nan, tsana mai hana cin abinci.

Saura mako biyu in tafi, mai wurin ya shigo da wani baƙo da ke son ganin yadda ake yin igwa.

"Yalla, nuna masa," ya ce da Baba.

Baba ya zauna gaban injin da nake yin igwa da shi. Ƙa'idar aikin ita ce a huda ramin tun tagullar tana da kauri, sannan a fere bayanta. Shi kuwa da fere bayan ya fara, sai da ta yi siririya. Ya ɗago ya dube ni, kallon mai neman ceto. Kalma ɗaya daga bakina da ta ishe shi. Na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmina, na kuma ɗaure ta da kyau.

Yana hudawa ta tsage. Ta biyu ma haka, ta uku ta lanƙwashe. Mai wurin bai yi faɗa ba, ni kawai ya nuna wa kujerar. Na zauna na ƙera igwar, ban yi sauri ba, don ina so kowa ya gani.

Bizar Baba ce ba a sabunta ba. Ranar tafiyarsa ya same ni a bakin injin, jaka a kafaɗa, ya miƙo hannu kamar yadda ake yi in za a rabu.

"Ɗana, mu yafi juna."

Na karɓi hannun, na ce masa Allah ya kiyaye hanya.