Man Birki a Kunnen 'Yata

'Yata ta fari tana aji biyu a firamare lokacin da kunnenta na dama ya fara zubar da ruwa. Yaran ƙauyenmu duk a kanal suke wanka, wanda ya ratsa bayan gonakinmu ya nufi Bunkure, ita ma kullum tana ciki. Ruwan kunnen ya koma mugunya mai wari, daga baya na hagu ma ya kama.

"Malam, yarinyar nan a kai ta asibiti," in ji uwarta.

Na ce, "Bari a gama tsinkar tumatir. Motoci na jira a bakin titi, ni kuma in tafi Kano bin layi?"

A wajen injin ban ruwa na ba maƙwabcin gonata labari. Ya kwashe da dariya.

"Kai ma dai! Ciwon kunne za ka kai wa likita? Man birki. Ka ɗiga mata, ya busar da shi. Ni duk yankan lauje da shi nake warkewa."

Ba na ɗora masa laifi. Shi magana ya yi, ni kuwa da ƙafata na je Kura wurin makanike na ɗebo a 'yar kwalba. Ni na kwantar da kanta a cinyata, na danne hannayenta, na ɗiga mata a kunnuwan.

"Baba, zafi! Baba, wuta!"

Na ce mata zafin shi ne alamar magani yana aiki. Uwarta ta shige ɗaki. Na yi ta maimaitawa safe da yamma har mugunyar ta ragu, na kuma yi ta yabon maganin a majalisa.

Bayan haka sai na ga in na kira ta ba ta amsawa. Na ɗauka raini ne. Wata rana na aike ta ɗauko buta, ta ci gaba da wasanta, na zo ta baya na kwaɗa mata mari a kunnen. Da ta juyo, ba kuka na fara gani a fuskarta ba, mamaki ne. Ba ta san dalilin dukan ba.

Malamar Islamiyyarsu ce ta aiko cewa yarinya ta daina bin karatu, bakin 'yan'uwanta kawai take kallo. Sai a lokacin na kai ta Kano.

Likita ya leƙa kunnuwan da wata 'yar fitila. Sannan aka sa mata abin sauraro a kai, aka ce ta ɗaga hannu duk lokacin da ta ji ƙara. Ina kallonta ta gilashi. Hannunta yana kan cinya, idonta yana kaina, tana jiran in nuna mata abin da za ta yi.

"Malam, me kuka zuba mata?" in ji likitan.

Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba. Ya ce mugunya ta huda dodon kunnen, kuma da an zo da wuri magani zai tsayar da ita, hujin ma ana iya gyara shi. Amma abin da na zuba ya bi ta hujin ya lalata can ciki, kuma wannan ba ya dawowa. Na'urar ji ma da aka gwada mata, gunji kawai take kawo mata.

Ta bar Islamiyya. Maganarta ma tana ta raguwa.

Yanzu idan shinkafa ta fitar da kai, janbaki suka sauko, maƙwabta ita suke roƙo ta yi musu korar tsuntsaye, wai ita ƙarar gwangwani ba ta sa mata ciwon kai. Suna faɗa kamar yabo. Nakan tsaya a kan kunyar gona in hango ta tana jan igiyar gwangwanaye, tsuntsaye na tashi. Idan azahar ta yi nakan manta in ƙwala mata kira, sannan in tuna, in taka cikin taɓo in je in taɓa kafaɗarta.