Bangon da Bai Kai Rufi Ba

Ɗan unguwarmu ne ya mai da ni mahaukaci a gaban mutane, a ƙasar da masu jin Hausa ba su cika tabarma biyu ba. Kuma ni na sauke shi.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, ina zaune a wani tsohon gidan katako a Guangzhou ta ƙasar Sin, nesa da titin Huanshi Lu inda 'yan'uwa ke kama ɗaki. Gida ne siriri, dogo kamar lungu. Ƙofarsa hawa uku ce: 'yar gajeriya iya ƙirji, sai ta sanduna a gicciye da ake turawa gefe, sai babba mai nauyi daga ciki. Da rana tsohuwar da ke da gidan ta sandunan kawai take ja, iska ta shiga, ɓarawo ya tsaya waje. Ginshiƙan sun yi baƙi don tsufa, an sassaƙe kan wannan an cusa cikin wancan, na duba ban ga ƙusa ba. A tsakiya an bar rufin a buɗe, nan ruwan sama ke sauka kan dutse.

Duk gidan don iska aka yi shi, saboda garin zafi ne da gumi, riga ba ta bushewa a jiki. Shi ya sa bangon ɗakunan bene, wanda falankin katako ne, bai kai rufi ba, an bar kamar kamu ɗaya a sama. Iska na wucewa. Magana ma na wucewa, amma wa ke jin yarena?

Ina can Inna ta rasu. Sai bayan an yi bakwai labari ya iso ni. Ban yi wa kowa kuka ba. In na dawo daga kasuwa na yi la'asar, sai in jingina da ginshiƙin ɗakina in ba ta labari. Inna, yau an loda kaya a tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Inna, tagarsu gilashi ne ja da shuɗi, da kin gani da kin ce almubazzaranci. Wani lokaci in amsa wa kaina da muryarta. Na san ta mutu. Baki ne yake so ya motsa.

Sai ɗan unguwar nan tamu ya zo sarin takalma, bai san kowa ba. Da hannu da ka na roƙi tsohuwar ta ba shi ɗakin da ke jikin nawa. Shi kuwa sai ce mini yake Yaya kaza, Yaya kaza. Na yi murna, har na sayo kofin shayi na biyu. Ban manta da bangon ba. Na ɗauka wanda ya ci tuwon Inna zai ji ya yi shiru.

Wata Juma'a bayan masallaci na shiga inda muke cin abinci na tarar ana ta dariya. Shi ne a tsakiya, ya ƙanƙance murya: "To ɗan nan, ka ci abinci kuwa?" Wani mutumin Maraɗi ya hango ni ya ce, "Alhaji, gidan nan naka a yi masa hayaƙi."

Daga ranar gaisuwa ta gajarce. Wanda a da yake bar mini kayansa in raka tashar jirgin ruwa ya nemi wani. Ɗan unguwar tamu kuwa ya kwashe jakarsa ya koma Huanshi Lu, wai gidan yana ƙara. Gidan katako ai dole ya yi ƙara.

Abin da ya fi ci mini rai, na koma ɗakina na kasa magana. In na buɗe baki sai in ji muryarsa a kan tata. Sai in zauna ina kallon hasken tagar yana rarrafe a kan katako har magariba.

A kasuwar takalma ta Zhanxi Lu na same shi, tsugune cikin kwalaye, yana ta ce wa mai shago "lawban", wato maigida. Ya miƙe yana washe baki. "A'a, Yaya! Ai wasa ne."

Na ce, "Da uwata ka yi wasan. Taka tana Kano da ranta. Ranar da za a kai ta kana nan cikin takalma, ka nemi wanda za ka gaya wa. Ni kar ka zo mini."