Ƙofar Baya ta Dama

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki ɗaya a kamfanin haɗa motoci: rataya ƙofa. Ba ruwansa da inji ko taya ko fenti. Gangar mota za ta iso gabansa a kan layi, shi da abokin aikinsa su ɗaga ƙofa su ɗora, ya ɗaure, ya rufe, ya kasa kunne, sannan ta wuce. Tun ana kiransa da sunansa har aka manta, kowa Mai Ƙofa yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci.

Ba mai magana ba ne. Da wannan aikin ya gina ɗaki uku da ɗan fili a ƙofar gida, ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta har suka gama. Bai taɓa mallakar mota ba, a keke yake zuwa aiki. Kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, saboda ita ke karɓar nauyi.

Ƙanen matarsa, wanda ake kira Auta ko da yake furfura ta fara fito masa, direban tasi ne, kuma bai taɓa ɗaukar aikin mijin yayarsa a bakin komai ba.

"Yaya, wai har yanzu mijinki bai samu ƙarin girma zuwa taga ba?" Haka yake tsokana duk ranar da ya zo cin abinci. Mai Ƙofa sai ya yi murmushi ya miƙa masa ruwa.

Sai kamfanin ya sanar cewa ya daina ƙera ƙananan motoci masu but, wato akwatin kaya a baya, daga yanzu sai dogayen jif, wai su mutane ke so. A layin jif kuwa na'ura ce ke rataya ƙofa. Aka sallami Mai Ƙofa da takardar yabo da agogon bango. Ya dawo gida ya zauna a kan benci, yana gyara ƙofar kicin da babu abin da ya same ta.

Masu saye suka rabu. Wasu suka ruga wurin dillalai suka kwashe ragowar ƙananan cikin kwana tara. Wasu suka ɗaga kafaɗa suka hau jif. Saura kuma, irin su Auta, suka rungume tsofaffin da ke hannunsu, suka bi shaguna suna wawason kayan gyara har fitila ta yi wuyar samu.

Shi Auta ba son tsohon abu ne ya hana shi canji ba. Fasinjojinsa na kullum tsofaffi ne da marasa lafiya, masu zuwa wankin ƙoda da gashin ƙashi. A ƙaramar mota mutum zai juya baya, ya zauna, ya jawo ƙafafunsa ciki. Jif kuwa sai an hau, su kuma hawa ya fi ƙarfinsu.

Ranar da ya kai motar wurin masu duba lafiyar motocin haya, wata jami'a ta tsaya a ƙofar baya ta dama. Ƙofar ta sauka, ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa an buga. Jami'ar ta ba shi mako biyu: ko ya gyara, ko a karɓe takardar izinin haya. Sabuwar ƙofa babu ita ko'ina. Fanal bita uku, masu gyaran jikin mota, ya je wa, kowanne ya daddaki makullin da guduma, ta yi kwana biyu ta koma gidan jiya.

Saura kwana ɗaya ya shigo gidan yayarsa fuska a murtuke. Ta ji labarin tana yanka albasa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Kai dai Auta Allah ya shirye ka. Ga shi can a benci yana kashe ƙuda, kai kana yawon gari."

"Yaya, ai shi sabuwa ya saba rataya wa."

"To je ka faɗa masa haka da bakinka."

Bai faɗa ba. Ya dai shigo da motar filin gidan, ya tsaya yana sosa ƙeya.

Mai Ƙofa ya taso. Bai taɓa makullin ba. Ya sa a matsar da motar inda ƙasa ta fi daidai, ya duba iskar tayoyin huɗu. Sannan ya yago siririyar takarda daga tsohuwar kalanda, ya sa ta tsakanin ƙofar da robarta, ya rufe, ya ja. Ya sake sawa a gaba kaɗan, ya ja. Haka ya zagaye ƙofar, wuri goma sha shida, yana ɗiga alli inda takardar ta zare da sauƙi. Daga nan ya shafa saman ƙofar da tafin hannu, ya tsaya a wani wuri da fenti ya goge.

"Wa ke rataya a nan?"

"Rataya kuma?"

"Mutum mai nauyi, da hannun hagu. Ba ya iya miƙewa sai ya ja ƙofar. Sau biyu ko uku a mako, ya kai shekara."

Nan take Auta ya gane. Akwai wani tsohon malamin makaranta da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, Litinin da Laraba da Asabar yake ɗaukarsa, wata goma sha huɗu ke nan.

"Yallaɓai, duba kake yi a ɓoye ba mu sani ba?"

"Riƙe min nan. Ba da ƙarfi ba, kamar ka ɗauki jariri."

Auta ya tallafe ƙofar. Mai Ƙofa ya sassauta notin hinji, wato ƙarfen da ƙofar ke rataye a kai, ya zare sandar ciki, ya nuna masa yadda ta cinye gefe ɗaya. Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara cike da irinta, waɗanda aka zubar ranar da aka rufe layin, shi kuma ya tsince. Ya sa sabuwa. Ya tura guntun katako ƙarƙashin ƙofar, ya jingina kafaɗarsa, ya ɗaga kaɗan, kaɗan ƙwarai, idonsa a rufe. Auta yana jin nauyin na barin hannunsa, bai ga abin da ya motsa ba.

"Yaya!" Mai Ƙofa ya kira matarsa da sunan da Auta ke kiranta. "Zo ki shiga baya. Da kaya a ciki ake ɗaure ƙofa."

"Ni ce kayan? To madalla, yau na ji matsayina."

Ta shiga ta zauna da wuƙarta a hannu. Ya ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya, yana komawa kan na farko. Ya tura ƙofar. Ƙofar ta tafi da kanta, ta shige wurinta da wata 'yar ƙara mai taushi, irin wadda Auta bai sake ji ba tun ranar da ya fito da motar daga shago.

Ya buɗe, ya rufe. Ya sake. Dubban ƙofofi ke yawo a titi da wannan ƙarar, shi ma ya yi shekaru yana jin ta, bai taɓa tambayar hannun wa ya sa ta ba.

"Na bar ta a ɗage kaɗan, kaurin takarda uku," in ji Mai Ƙofa. "Malaminka zai ci gaba da ja, kada ka hana shi. Nan da wata biyu za ta zauna daidai."

Washegari jami'ar ta zagaya motar, ta ja ƙofar, ta jijjiga, ta rataya a kai da dukkan nauyinta. Ta tambayi inda ya samo sabuwa. Ya ce tsohuwar ce. Ta dube shi, ta dubi ƙofar, ta sa hannu a takarda.

Auta bai koma tasha ba, gidan yayarsa ya nufa, yana ta shirya kalmomin godiya a hanya. Ya tarar da Mai Ƙofa tsaye a fili da sifana.

"An sa hannu, Yallaɓai. Ni dai ban san da wane baki..."

"Juyo da ita," in ji Mai Ƙofa. "Jiya da ka fita na ji ƙofar gaba ta hagu. Ba ta yi min ba."