Kofin Baƙi

Ban taɓa ganin mai ƙyanƙyami irin kakata Inna ba. Idan ƙuda ya gilma ta saman kunu, to wannan kunun ya zama na kaji. A zauren gidanmu na Angwan Iya a Keffi akwai wani kofin silba da ta rataye a ƙusa, shi ne kofin baƙi. Duk wanda ba ta yarda da tsabtarsa ba da shi za a ba shi ruwa, yana juya baya kuma ta sa a dirje kofin da toka. Wadda aka fi miƙa wa shi ita ce Ladi, wata mata daga Agwada da ke kawo mana doya ranar kasuwa. Ladi ba ta taɓa kai kofin bakinta ba, sai ta tsiyaya ruwan a tafin hannu ta sha. Inna takan gyaɗa kai ta ce, "Wannan matar ta san matsayinta."

A shekarun da ƙasa ta samu 'yancin kai babu lantarki a layinmu. Da damina, bayan an ci tuwo, mu jikoki sai mu taru a madafa kusa da murhu, Inna tana juya masara a kan garwashi. Ba ta fara tatsuniya sai ta duba farcen kowa. Ni ne kullum nake faɗuwa.

"Dube shi, wai mijina ke nan," in ji ta. "Wallahi na sake ka, tafi ka wanke hannu ka dawo biko."

Idan na dawo sai ta ce, "Ga ta nan tafe, amma ba ta shiga kunne mai datti." Mu kuma mu amsa, "Mun wanke, ta shigo."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta Agwagwa da ta tafi neman ilimi garin kyanwoyi. Sun karɓe ta hannu bibbiyu, suka kawo mata abinci. Kafin a fara ci sai ta ga kowace kyanwa ta ɗaga ƙafa tana lashe jikinta, gaba da baya, sannan ta tsoma wannan bakin a akushi. A nan Inna takan tsaya ta tofar da yawu cikin toka, mu ma duk mu tofar. Agwagwa ta ce ta ƙoshi. Gobe ta ƙoshi, jibi ta ƙoshi, har wuyanta ya zama kamar igiya, ta fara ɗaure kayanta za ta koma gida babu ilimin. Sai ta jiyo matan kyanwoyi a bayan danga suna gulma: "Kun ga ƙazamar baƙuwar nan? A kududdufin da take kashi, nan take wanka, nan take sha!"

"Ai fa sai haushi ya buɗe mata ciki," in ji Inna. "Ta ɗebi rabonta ta kai bakin ruwa, ta ɗauraye, ta haɗiye. Shi ya sa har gobe agwagwa ba ta cin abu sai ta tsoma shi a ruwa. Ba ta zama kyanwa ba, ba ta kuma mutu ba. Ta ƙare, kowa ya wanke ƙafa ya kwanta."

Mukan tambaye ta wa ya fi tsabta a cikinsu. Sai ta ce dukkansu ƙazamai ne, ita ce kaɗai mai tsabta.

Lokacin da kuɗin mai ya fara zuba, gwamnatin jiha ta ba ni gurbin karatun injiniya a wani gari a arewacin Ingila. Ni ne na farko a gidanmu, rabin unguwa suka raka ni tashar mota. Inna ta tsufa tukuf, abin da ta ce kawai shi ne kada in ci a kwanon da ban ga wankinsa ba.

Na ga wankinsa kuwa, da ma ban gani ba. An sama mini ɗaki a gidan wata tsohuwa, Misis Dikson. Bayan cin abinci sai ta sauke farantinta ƙasa karenta ya suɗe, ta tsoma shi cikin ruwan kumfa tare da nawa, ta fito da su ta goge da tsumma, babu ɗauraya. Karen nan har bakinta yake lasa, ita kuma tana dariya. Wanka kuwa, mutum ya tara ruwa a baho ya kwanta cikin dauɗar jikinsa, ya tashi ya ce ya yi wanka. Da safe ƙaurin naman alade ke tashe ni. Mafi muni shi ne bayan gida: babu buta, sai takarda. Idan na zauna a aji ina kallon malami da kwat ɗinsa mai kyau, ba lissafin nake ji ba, tunanin takardar nan nake yi.

Na koma rayuwa a kan busasshen burodi da ruwan famfo. Wandona ya fara zamewa, kaina yana juyawa a aji, aikin farko da aka ba mu na kasa taɓa shi. Na sauko da akwatina daga saman kabad. Na san idan na koma Keffi za a daɗe ana nuna ni da baki, amma na ga gara wannan kunyar.

Buta kuwa, na yi wa kaina dabara da wata kwalbar madara, irin wadda ake ajiyewa a bakin ƙofa mai madara ya zo ya kwashe. Wata safiya Misis Dikson ta gan ni na fito daga bayan gida da ita.

"Me kwalbar madarata ke yi a can ciki?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, har da alfahari, don a ganina ilimi nake ba ta. Fuskarta ta yi fari fat, ta dafe baki.

"Da hannu? Hannun da kake taɓa mini ƙofofi da shi?"

"Na hagu ne, kuma ina wankewa da sabulu."

Ba ta saurari ƙarshen ba, ta ruga wajen famfo. Washegari na shiga kicin na tarar ta ɗaura jan zare a hannun wani kofi, ta rataye shi shi kaɗai nesa da sauran. Ta ce nawa ne. Ina gama shan ruwa ta ɗauke shi da yatsu biyu ta kwarara masa tafasasshen ruwa.

Ni? Jikan Inna? Matar da kare ke lasar bakinta ita ce take ƙyamata? Haushi ya kama ni, kuma a cikin haushin nan na ji wata irin yunwa da ban ji ba tun saukata. Sai ga muryar Inna a kunnena, ga Agwagwa tana jiyo gulma a bayan danga. Na fita na nemo shagon wani ɗan Fakistan, na sayo tukunya da faranti da shinkafa da barkono, da wata 'yar butar ban ruwan furanni. Na dafa, na ɗauraye komai da kaina, na ci har na yi gumi. Da yamma na mayar da akwati saman kabad. Har na gama karatu ban daina ƙyamar bahon nan ba, ita ma ba ta kwance jan zarenta ba.

Na dawo na tarar Inna ta rasu, kofin silba yana nan a ƙusarsa. Na tsaya ina kallonsa, sai na tuna cewa a gidan Misis Dikson, tun daga ranar zaren, ni ma ban ƙara kai wancan kofin bakina ba. Na san tsumman da ake goge shi da shi. A tafin hannu nake tsiyayawa in sha, ita kuma tana ganin na san matsayina. Allah ya jiƙan Inna, ta tafi tana yaba ladabin Ladi, alhali matar nan ƙyamar kofinmu take yi.